Haƙurin da Ɓarawo Ya Bayar

Mai Makulli bai taɓa yarda da kowa ba, kuma da haka yake tinƙaho. Shekara talatin da huɗu yana yanka makulli a wani ɗan tsukukun shago tsakanin tela da mai sayar da taya, amma ko sau ɗaya bai taɓa yanka wa mutum makulli ba sai ya yi masa tambayar ƙure. Ƙofar wa? Ina mai ƙofar? Me ya hana shi zuwa da ƙafarsa? Wata mata ta taɓa kawo makullin ɗakin mijinta ya kore ta, mijin ya zo da kansa shi ma ya kore shi, wai idonsa bai yi masa kama da na mai gida ba. Ƙofar gidansa kuwa kwaɗo uku ne da sakata biyu, alhali in ɓarawo ya sha wahala ya shiga, abin da zai tarar bai wuce tsohuwar fanka da rediyon da sai an mare shi yake magana ba.

To wannan mutumin ne aka kira a waya wata Talata da hantsi, yana tsaka da goge bakin makulli da magagari.

"Ranka ya daɗe, da shugaban masu makulli nake magana?"

Shi dai ko shugabancin layinsu bai taɓa riƙewa ba. Amma sai ya ajiye magagari, ya gyara zama, ya ce, "Kana magana."

Murya ce mai ladabi, ta wanda ya sha tarbiyya. Ta ce ƙungiyar masu sana'ar hannu ta zaɓe shi za ta ba shi lambar yabo, don labarin gaskiyarsa ya kai har sama. Za a yi taro a babban ɗaki, za a ɗauki hoto. Yanzun nan wasu lambobi shida za su shigo wayarsa, lambar kujerarsa ce, sai ya karanto a rubuta.

Lambobin suka shigo. A ƙarƙashinsu an rubuta ɓaro-ɓaro cewa kada ya ba kowa waɗannan lambobi. Kada ma wani ya kare shi ya ce bai gani ba. Ya gani, da tabarau a hancinsa, har sau biyu ya karanta. Sai ya gyaɗa kai, don ya gane nufinsu sarai: akwai 'yan baƙin ciki, musamman mai makullin bakin tasha, da za su so su zauna masa a kujera. Saboda haka ya leƙa ya tabbatar tela na kan kekensa, ya juya wa titi baya, ya kare baki da tafin hannu, sannan ya raɗa wa mutumin lambobin ɗaya bayan ɗaya. Har sa shi ya yi ya maimaita, gudun kuskure.

Kafin rana ta raba, manhajar hira da ke wayarsa ta fitar da shi waje ta ƙi buɗuwa. Ya danna, ya girgiza wayar, ya hura mata iska a gindi, ko gezau. Ya ja tsaki ya ce kayan zamani ke nan, ya jefa ta a aljihu.

Sai an san abin da ke cikin wannan manhajar kafin a gane girman ɓarnar. Mai Makulli ba ya rubuta saƙo, yatsunsa sun yi kauri da yawa. Saƙon murya yake yi, kuma bai san gajere ba. Tun da babban ɗansa ya yi gangancin saya masa babbar waya, dangi ba su sake hutawa ba. Minti bakwai a kan wanda ya bar famfo a buɗe. Minti tara a kan tsadar taya, shi da ko keke ba shi da shi. Kowa ya ga saƙonsa sai ya yi ajiyar zuciya ya ce sai an jima.

Wanda ya fi shahara shi ne na minti goma sha ɗaya, shekara huɗu da suka wuce. Autarsa, malamar makaranta, ta auri alƙalin wasan ƙwallo. Mai Makulli bai hana ba, ya dai haɗiye abin da ke ransa. Wata biyu da auren sai ya ga surukin nasa a talabijin ɗin shagon tela, namiji da gemunsa, yana gudu da gajeren wando yana busa usur, 'yan kallo dubu suna zaginsa har da iyayensa. Nan take ya ɗauki waya zai fesa wa ƙaninsa abin da ke cinsa. Ya zagi wandon, ya zagi usur ɗin, ya zagi hankalin yarinyar da ta duba duk mazan duniya ta zaɓo wannan. Ya rufe da cewa daga yau 'ya'yansa uku ne, ba huɗu ba. Sannan kaurin yatsa ya yi aikinsa, saƙon ya faɗa guruf ɗin dangi mai mutum tamanin da uku, har da surukai.

Auta ta saurara har ƙarshe. Ta fita daga guruf, suka koma wani gari ita da mijinta, ta haifi 'ya mace a can. Ba ta toshe lambar ubanta ba, ta bar ta a buɗe ko zai ce wani abu. Bai ce ba. Hoton jikar yana cikin durowar matarsa, ƙarƙashin zannuwa, kuma duk ranar da ta tafi kasuwa sai ya zaro shi ya zuba masa ido, ya mayar daidai yadda ya same shi. Yana kewar Auta kamar ransa zai fita. Amma da ya ce ta yi haƙuri gara ya haɗiye magagarinsa.

Kwanaki suka yi ta wucewa manhaja ba ta buɗe ba, shi kuwa ko a jikinsa. Matarsa ƙaramar waya mai madannai take riƙewa, ba ruwanta da guruf, ba ta san me ake ciki ba. Abin da ya fara ɗaure masa kai shi ne mutane. Tela, wanda suka yi shekara biyu ba sa ga-maciji saboda ruwan indararo, ya shigo shago da safe ya kama hannunsa da hannu biyu, idonsa ya yi rau-rau, ya ce, "Ya wuce, Malam. Wallahi ya wuce. Ni ma ina da nawa laifin." Mai Makulli ya zare hannunsa ya duba ko agogonsa na nan. Wani ɗan ƙaninsa ya tsayar da babur a tsakiyar titi ya durƙusa ya gaishe shi, yana godiya da addu'a. Wace addu'a? Rabon da ya yi wa yaron nan magana tun ranar da ya kira shi jaki. Ya zauna ya yi nazari, ya yanke cewa labarin lambar yabo ne ya bazu, shi ya sa kowa ke neman gindin zama.

Ranar Alhamis, kwana goma sha shida da kiran, matarsa ta faɗo shagon ko mayafi ba ta daidaita ba. Bayanta ƙanwarsa ce, wadda kowa ke kira Gwaggo, tana haki da babbar waya a hannu.

"Malam," in ji matar, "yaushe ka makance ban sani ba?"

"Ke, ki iya bakinki. Wa ya makance?"

"Auta ce ta kira ni yanzu tana kuka. Wai me ya sa na ɓoye mata za a yi maka aikin ido. Wai ka tura mata lambar asusun asibiti, gobe za ta biya."

Da ya ji sunan Auta sai makullin da ke hannunsa ya faɗi. Matar ba ta jira shi ba. Ta ce sati biyu ke nan wani yana zaune a cikin manhajarsa, da sunansa da hotonsa, yana bin dangi ɗaya bayan ɗaya yana gaisuwa, yana tambayar lafiyar yara, yana neman gafara. Sai da ya gama tausasa su sannan ya fara maganar ido.

"Ai da kun ji an gaishe ku sai ku san ba ni ba ne!" ya faɗa da ƙarfi.

"Mun yi zaton mutuwa ce ta matso," in ji Gwaggo. "Wallahi har na fara yafe maka."

Matar ta ja kujerar masu jira ta zauna, ta dube shi ido cikin ido. Ta ce ta hana Auta tura ko sisi. Ta gaya mata cewa jiya jiyan nan ɓarayi suka shiga wayar, maganar ido tasu ce.

"Sai ta ce da ni, Mama, to saƙonnin baya fa? Na ce mata waɗannan nasa ne."

"Nawa?"

"Naka. Ka ba ta haƙuri, ta haƙura, jibi Asabar tana tafe da yarinyar. In ka buɗe bakin nan ka ɓata mini wannan, Malam, na rantse sai dai ka nemi mai dafa maka abinci."

Gwaggo ta miƙo waya. Auta don murna ta turo mata saƙo uku daga cikin waɗanda ta samu, ta ce ta ji yadda Allah ya shirya Baba. Aka danna na farko. Sai ga gyaran murya, irin nasa sak, har da ɗan fiton da ke fita ta giɓin haƙorinsa.

"Auta, ni ne Babanki. Na daɗe ina so in yi magana, girman kai ya hana ni. Na zalunce ki, na zalunci mijinki. Babu ranar da ba na tunaninki, ke ce mafi kusa da zuciyata. Ki yafe mini."

Mai Makulli ya waiga bayansa, kamar zai ga wani tsoho mai kama da shi tsaye a jikin allon makullai.

"Ƙarya ne!" ya ce. "Ni tun da aka haife ni ban taɓa cewa zuciyata ba."

"Mu ne shaida," in ji Gwaggo.

Abin da ya fi ƙona masa rai ba satar ba ce. Ɗan banzan ya iya. A daƙiƙa ashirin ya faɗi abin da shi ya yi shekara huɗu yana taunawa ya kasa fitarwa, kuma da muryarsa, ba ko kunya.

Washegari da safe ya tafi ofishin kamfanin waya da niyyar tayar da ƙura. Ya yi layi awa ɗaya da rabi, ya isa gaban wata ma'aikaciya mai taunar cingam, ya fara da cewa shi mutum ne da ba a taɓa yi wa sata ba.

"Baba, lambobi shida aka turo maka?"

"Lambar kujera ce."

"Ka karanta musu?"

"A ɓoye na karanta."

Ta daina tauna, ta dube shi, ta ci gaba. Ta ce shi ne na tara yau, kuma akwai lauya a cikinsu. Ta ce yanzu ɓarawo ba ya bukatar tsallake katanga. In ya sami muryar mutum ta minti ɗaya kacal, sai ya zuba wa na'ura, ita kuma ta riƙa faɗin duk abin da aka rubuta mata da wannan muryar, har da tari.

"Kai kamar minti nawa ka taɓa turawa?"

Mai Makulli ya ɗaga kai yana kallon silin.

Ta dawo masa da manhajarsa, amma fayau, ɓarawon ya share duk abin da ya yi kafin ya fita. Ta ce ya gargaɗi mutanensa. Ya tambaye ta ko za a kama ɓarawon, ta ce da za ta san ko a wace ƙasa yake ma da ta ji daɗi. Har ya juya zai tafi ya dawo, ya sassauta murya ya tambaya ko dai duk da haka akwai taron lambar yabon. Ta ce, "Na gaba!"

Da yamma aka zaunar da shi a tsakar gida aka fara koya masa halinsa. Gwaggo tana kunna saƙo, shi yana maimaitawa, matarsa tana gyara. Ka sassauta, Malam, haƙuri kake bayarwa ba sammaci ba. Ka daina nuna ta da yatsa. Ka saki fuskar nan. A saƙo na biyu ɓarawon ya ce aikin alƙalin wasa aiki ne na masu gaskiya, sai da aka yi sau shida kafin Mai Makulli ya iya furta wannan. A na uku ya ce yana mafarkin ɗaukar jikarsa, wannan kam sau ɗaya Mai Makulli ya maimaita, ya tashi ya ce zai sha ruwa.

"In ta kawo maganar da ba ka sani ba," in ji matar, "ka gyaɗa kai ka ce Allah ya yi miki albarka. Shi ke nan. Ko jariri zai iya."

Asabar da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Surukin bai fito ba, ya ce zai jira sai an kira shi, kuma ba wanda ya ga laifinsa. Auta ta shigo riƙe da hannun yarinya 'yar shekara uku mai kitso biyu. Ta rame, ta ƙara kama da uwarta. Ta tsaya a bakin falo kamar baƙuwa, ta durƙusa ta ce, "Baba, ina kwana."

"Lafiya lau," ya ce. "Kun sha hanya."

Yarinyar na jin muryar ta fizge hannunta, ta ruga ta rungume gwiwarsa.

"Kaka!" Sai ta ɗaga kai, ta yi gyaran murya irin na tsofaffi, ta ce, "Auta, ki yafe mini!"

Gwaggo ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Auta ta rufe fuska don kunya, ta ce kullum sai yarinyar ta sa an kunna mata, ba ta cin abinci sai ta ji Kaka. Mai Makulli ya ɗauki jikarsa. Ta fi yadda ya zata nauyi, tana ƙamshin sabulu, ta cusa yatsa a giɓinsa tana dariya. Daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai sa kansa, kuma a ƙarƙashin daɗin yana jin kansa kamar wanda ya shiga biki da rigar aro.

Aka ci abinci, komai na tafiya daidai. Auta ta ce ta ji daɗin abin da ya faɗa kan aikin mijinta, ya gyaɗa kai ya ce Allah ya yi miki albarka. Ta ce ba ta taɓa sanin yana tuna ranar da ta fara koyarwa ba, ya ce Allah ya yi miki albarka. Matarsa tana gefe tana lumshe ido kamar malamar da ɗalibinta ya ci jarrabawa. Har ta saki jiki ta tashi dafa shayi, Gwaggo ta bi ta da yarinyar.

Auta ta matso kusa da kujerarsa, ta zauna a ƙasa, ta rage murya.

"Baba, na gode da abin da ka ce a kan yaron. Ko Mama ban gaya wa ba, ba na so hankalinta ya tashi. Shekara guda ke nan ina ɗauke da abin. Da ka ce ba laifina ba ne, ba don na ci gaba da zuwa aiki ba ne, wallahi tun ranar na fara samun barci."

Ya laluba cikin saƙo ukun da ya haddace, babu yaro a ciki. Ya dubi fuskarta, ya dubi yadda ta ɗora hannu a kan cikinta ba tare da ta sani ba, sai ya gane. 'Yarsa ta yi ɓari. Ta yi shekara tana zargin kanta, ba ta da wanda za ta gaya wa, sai da wani ɗan iska da ba a san ƙasarsa ba ya ari muryar ubanta. Shi ta yi wa kuka. Shi ya rarrashe ta.

Abin faɗa yana nan a bakinsa, kalma biyar, an koya masa. In ya faɗa za a kawo shayi, a kira suruki, a yi hoto, yarinyar ta riƙa zuwa hutu. Ya buɗe baki.

"Wane yaro, Auta?"

Ta yi murmushi, ta zaci bai ji ba ne. Sai murmushin ya tsaya a fuskarta ya bushe.

"Ba ni ba ne," ya ce. "Tun Talatar can ba ni ba ne. Ko ɗaya a cikin saƙonnin nan ban faɗa ba. Uwarki ta rufa mini asiri ne, ni kuma na yarda."

Matarsa na tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu. Ba ta yar da shi ba, ta dai ajiye a hankali ta jingina da bango.

Da Auta ta yi magana, muryarta ba ta ɗaga ba ko kaɗan, kuma hakan ya fi tsorata shi.

"Wato ɓarawo na zauna ina yi wa kuka."

"Auta..."

"Na tura masa takardar asibiti. Na tura masa hoton 'yata tana wanka. Na ce masa Baba, na yi kewarka. Sau nawa na faɗa, ka sani?" Ta miƙe, ta ɗauki jakarta, ta ƙwala wa yarinyar kira. "Zo mu tafi, Babanki na jira."

Ya tashi da sauri har gwiwarsa ta yi ƙara. Ya san yanzu ne ko babu, kuma ba na'ura, ba Gwaggo mai kunna masa.

"Tsaya. Abin da na faɗa a kan mijinki... to, wandon dai gajere ne, wannan kowa ya gani, amma..."

"Malam!" in ji matar.

"Amma ba ruwana da wandonsa! Ni nake sawa? Bakina ne. Bakina ya yi yawa. Saƙon ma ba ke na tura wa ba, ƙanina na... a'a, ba wannan ba ce maganar. Ko wa na tura wa, bai kamata in faɗa ba. Na yi hauka. Tsoho ne ya yi hauka a gaban mutum tamanin da uku." Ya tsaya yana haki, gumi na bin wuyansa. "Shi ke nan abin da nake da shi."

Auta ta sa takalmi ɗaya, ta sa ɗayan. Hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Na ɓarawon ya fi naka daɗi," ta ce.

"Na sani. Na haddace shi, in kina so in karanto miki."

"Ba na so." Ta kama hannun yarinyar, ta kai bakin ƙofa, sannan ta juyo. "Tambaya ɗaya, Baba, kuma kada ka yi mini ƙarya. Da bai shiga wayarka ba, da za ka taɓa kirana?"

Matarsa ta kafe shi da ido, tana gyaɗa masa kai a hankali, ka ce eh, ka ce eh mana.

"A'a," ya ce. "Kullum da niyyar nake tashi. Amma na san halina, da da ita za a binne ni."

Ana jin injin motar a waje, surukin ya gaji da zafi ya kunna. Yarinyar ta dubi uwarta, ta dubi kakanta, ta sa yatsa a baki.

Mai Makulli ya taka zuwa bakin ƙofar, bai taɓa ta ba. Ya dafa bango ya sauka a hankali har ya zauna a kan dakalin, kusa da ƙafafunta, a inda ake ajiye takalma.

"Ki tafi in za ki tafi, ba zan ce kin yi laifi ba. Amma jikana ne. Wani can ya san labarinsa ni ban sani ba." Muryarsa ta karye, fiton giɓin ya fito a inda bai dace ba. "Ki gaya mini. Tun daga farko. Ban iya magana mai daɗi ba, amma zan yi shiru, wallahi zan yi shiru har ki gama."

Auta ta tsaya da jaka a kafaɗa, tana kallon titi. Sannan ta saki hannun yarinyar ta ce ta je wurin Gwaggo. Ba ta cire takalmi ba, ba ta sauke jakar ba, ta dai zauna a ɗaya gefen dakalin, da tazarar mutum guda a tsakaninsu.

"Namiji ne," ta ce. "Wata biyar. Ranar Laraba ce, ina cikin aji."